Sunan da Aka Ƙara a Waƙar Mai Faci

Nicanor Zazueta shekararsa sittin da takwas, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Phoenix, can tsallaken iyaka, kuma shi ne mai facin taya na mahaɗar Palo Mocho, inda hanyar ƙasa da ke gangarowa daga duwatsu take haɗuwa da kwaltar Culiacán. Rumfar kwano ce kawai, da injin iska wanda ya girmi 'yarsa, da rabin ganga cike da ruwa da yake tsoma taya don ya ga inda kumfa ke fita. A bakin titi akwai tsohuwar tayar tarakta da ya shafa wa farin fenti ya kafe ta a tsaye. Ita ce allon shagon. Ba a rubuta komai a jikinta ba, ba a kuma taɓa buƙatar a rubuta ba.

A kan dutse aka haife shi, a wani ƙauye da yanzu babu shi. Ya yi kiwon awaki tun yana ƙarami. Shekarar da sojoji suka hau suka ƙone shukar ƙwaya da kowa ke ɓoyewa a bayan masara, suka haɗa da gidajen mutane, sai ya gangaro da uwarsa da kasko guda ɗaya na gasa tortilla, gurasar masara. Ya yi dako a kasuwa, ya yi tsinkar tumatir, daga baya wani tsoho mai ido ɗaya ya koya masa faci. Da tsohon ya mutu ya gaji wurin.

Dokarsa ɗaya ce a sana'a: idonsa ba ya wuce taya. Motocin da ke saukowa daga sama na mutanen Mai Tudu ne, wanda ba a kiran sunansa a garin, sai dai a nuna duwatsu da haɓa. Waɗanda ke hawowa daga ƙasa na mutanen bakin teku ne. Nicanor ya yi wa waɗannan faci, ya yi wa waɗancan, ya yi wa sojoji da limamin coci da direbobin tumatir. Bai taɓa leƙa bayan mota ba, bai taɓa tambayar daga ina ba. In mutum biyu da ba sa ga maciji suka haɗu a rumfarsa, wanda ya fara zuwa shi ake fara yi wa. A wannan hanya kusan kowa na wani ne, mai shagon giya, mai sayar da mai, har mai tura baro. Nicanor ba na kowa ba ne, shi ya sa ya tsufa a mahaɗar.

Rediyon rumfar ba a kashe shi, kuma waƙoƙin corrido, masu ba da labarin mutum suna yabonsa, yake yi daga safe zuwa yamma kamar rediyon kowa. Nicanor ba ya sayen jarida, tunda abin da za ta buga a wata mai zuwa mawaƙa sun riga sun rera shi a wannan watan. Ya san yadda ake gina waƙoƙin kamar yadda ya san cikin taya. Mutumin yakan fara ba takalmi, uwarsa tana kuka. Baiti na biyu ya sami mota. Na uku ga bindiga mai ƙotar azurfa, ga samari da za su mutu dominsa. Ba a taɓa sa wanda ya sha ƙwayar a waƙa ba, ba a sa uwar wanda aka tsinta a magudanar ruwa. Sauran duk ado ne, kowa ya san haka. Mai sayar da ƙanƙara ma in ya biya mawaƙi za a ba shi doki. Baitin ƙarshe ne ba a wasa da shi, baitin sallama, inda mai waƙar ke aika gaisuwa. Wanda ka gaisar a nan shi ne ubangidanka. Kuma ba a sa sunan babba a wannan baiti sai da izininsa. An san mawaƙan da suka manta da haka, an san inda aka binne su.

Bara, da ranar haihuwarsa ta matso, 'yarsa Idalia ta ga ta gaji da aiko masa takalma da ba ya sawa. Ta nemo lambar wani marubucin waƙa a Culiacán, Filemón Angulo, ta ba shi labarin mahaifinta ta waya, ta ce a yi masa tasa waƙar.

An yi bikin da rana a gaban rumfar. An yanka akuya, an tsoma kwalaben giya su yi sanyi a cikin rabin gangar nan bayan an wanke ta. Chebo, mai gasa kaji a tsallaken titi, wanda ya riƙe Idalia ranar baftismarta har suka zama compadre da Nicanor, shi ya jingina waya a kan injin iska don yarinyar ta gani daga can. Makaɗa uku suka sauko daga mota, mai jita, mai akodiyan, da mai babban ƙaho. Da suka kira sunansa, Nicanor ya miƙe ya cire hula, yadda ake yi in ana waƙar mutum.

Baitin farko ya ce an haife shi inda gajimare ke kwana, ya sauko da uwarsa da kasko ɗaya. Nicanor ya goge ido da bayan hannu. Baiti na uku ya ba shi baƙin doki.

"Doki!" in ji Chebo da ƙarfi. "Compadre, ina ka ɗaure shi shekara arba'in? Ni ko jakinka ban taɓa gani ba!"

Aka yi ta dariya. Ana cikin dariyar mai akodiyan ya sassauta, ya shiga sallama: "Zan tafi, na bar ku lafiya. Daga mahaɗar Palo Mocho ina miƙa hannu sama. Gaisuwa ga Tacho na Tudu, abokin kiwona, ya san ƙofata a buɗe take."

Dariyar ta ɗauke. Sunan Mai Tudu ke nan, kuma an daɗe ba a ji wani ya faɗe shi a fili ba a Palo Mocho, balle da ƙaho. Nicanor yana tsaye da hula a hannu, kowa yana kallonsa, wasu kuma suna ɗauka a waya. Bai iya zama ba, don zama a tsakiyar gaisuwa ma magana ce. Ya tsaya har ƙahon ya yi shiru.

Gaskiya ne sun yi kiwo tare da Anastasio, wanda ake kira Tacho. Amma rabonsa da ganinsa tun kafin sojoji su hau dutse, kuma bai taɓa gaya wa kowa a ƙasa ba, ko matarsa.

Cikin mako guda garin ya sauya masa. Doña Cuca mai tortilla ta tura masa kuɗinsa baya, ta ce, "Haba Don Nica, kai da mu?" Shekara da shekaru tana cajin sa har na ƙullin gishiri. 'Yan sandan da ke wucewa suka fara ɗaga masa hannu. Wani mutum da bai sani ba ya zo da taya lafiyayya, ya zauna yana ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce ƙaninsa yana neman aiki, kowane iri. Abin da ya fi damun Nicanor shi ne abin da ya daina faruwa. Motocin ƙasa suka daina tsayawa. Ya ga wata da idonsa ta wuce tana ɗingishi a kan taya mai faci, direban ya gwammace ya lalata wili da ya tsaya a rumfarsa.

Ya kira Idalia.

"Mija, 'yata, wa ya ba ki sunan nan?"

"Wane suna, Apá? Ni na ce a gaishe da Mama, Allah ya ji ƙanta, da padrino Chebo. Na ɗauka wani tsohon abokinka ne mawaƙin ya tono. Waƙar ba ta yi maka ba?"

"Ta yi."

"To me ya sa muryarka haka?"

"Mura ce."

Ya ajiye wayar yana tunanin mijinta, wanda ke zuwa hutu da sarƙar zinari ya tafi da wata daban. Daga nan zarginsa ya koma tsallaken titi. Sunan Chebo ya kamata ya fito a waƙar, bai fito ba, kuma Chebo bai yi ƙorafi ba, shi da ke ƙorafi in an ba shi cinya maimakon ƙirji. Nicanor ya fara lura da motocin da ke tsayawa sayen kaza, da tsawon lokacin da suke yi.

"Kallon me kake min kwana biyun nan, compadre?" Chebo ya tambaye shi wata rana, yana juya kaji a kan wuta. "Ka ga na yi kyau ne?"

"Kai ka taɓa jin na yi kiwo da wani?"

"Ni? Ni dai na san ka yi kiwon basir a kan kujerar can. Saura a waƙa na ji, tare da kowa." Ya rage murya, ya daina murmushi. "Amma da ka gaya min. Shekara nawa ina zagin mutanen nan a gabanka?"

A nan Nicanor ya gane Chebo ma tsoronsa yake ji. Ya koma rumfarsa bai sayi kazar ba.

Mutanen ƙasa, na bakin teku, sun zo ranar wata Talata da hantsi, su biyu, cikin farar mota mai baƙin gilashi. Wanda ya fito yana da ƙiba, sanye da takalmin gudu sabo fil. Ya ce a duba masa tayar gaba. Nicanor ya durƙusa ya danna ta, ya sa ma'auni. Iskarta daidai take.

"Lafiyarta ƙalau."

"A sake dubawa, kawu. Ba ma sauri." Mutumin ya jingina da mota, ya latsa wayarsa, sai ga muryar mai akodiyan. Ya bar ta har baƙin dokin ya wuce. "Daɗi gare ta. Kullum muna sa ta. Ashe muna zuwa wurin manya muna ba su taya, ba mu sani ba."

"'Yata ce ta saya min don ranar haihuwa. Ni mai faci ne."

"Mun sani. Wuri mai kyau kuma ka samu. Duk abin da ya hau kana gani, duk abin da ya sauko kana gani." Ya duba hanyar dutse, ya duba kwalta. "Ƙofarka a buɗe take, in ji waƙa. Mu ma a buɗe take mana?"

"Duk mai taya a buɗe take masa."

Mutumin ya yi dariya, ya leƙa ya gaya wa na cikin motar, shi ma ya yi. Ya ce za su riƙa biyowa, in kawu ya ga wani abu da ya kamata su sani sai ya tuna da su, tunda shi mai tuna abokai ne. Suka tafi. Nicanor ya daɗe a durƙushe a inda tayar ta tashi.

Washegari ya rufe rumfar, abin da bai yi ba tun jana'izar matarsa, ya hau bas zuwa Culiacán. Ya sami Filemón Angulo a wani ɗaki a saman shagon sayar da kayan kiɗa, siriri ne mai furfura da tabarau, ya fi kama da malamin makaranta. Da Nicanor ya faɗi sunansa, mutumin ya tashi ya rufe ƙofa.

"Na san za ka zo, Don Nicanor. Zauna."

"A tsaye ma zan ji. Wa ya ce ka sa sunan?"

"Ni ban sa ba. Baitin da na rubuta na matarka ne da compadre ɗinka, kuma ya fi wannan kyau, in ka tambaye ni." Ya cire tabarau yana gogewa. "Ka san yadda muke aiki. Duk waƙar da aka yi wa haifaffen dutse, sai na tura ta sama an saurara kafin in ba mai ita. Ba ni kaɗai ba, kowa. Yawanci ba sa cewa komai. Wani lokaci su ce a cire sunan wani kwari ko wata hanya. Taka ta dawo da baitin ƙarshe daban, an rero min shi ta waya. Muryar tsoho ce, ba ta iya waƙa ba."

"Kai kuma ka karɓa."

"Da kai ne, za ka mayar?"

Nicanor ya zauna.

"Me yake so da ni?"

Filemón ya ɗaga kafaɗa. Ya ce mai yiwuwa tsufa ne, mutum ya ji sunan ƙauyensu a waƙa ya tuna yaranta. Manyan nan suna da taushin zuciya a kan abin da ba ya ci musu komai. Mai yiwuwa kuma maganar mahaɗar ce. An fara jan hanyar nan tsakanin sama da ƙasa tun damina, kuma waƙa ta fi bindiga araha. Ta shiga kowace waya ta ce Palo Mocho tana da mai ita, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

A bas ɗin komawa Nicanor ya tuna wani abu da bai tuna ba cikin shekara hamsin. Tacho yana da ƙaramar wuƙa. In akuyar wani ta ratso cikin nasu, ba ya sace ta, ba ya ma kore ta gida. Sai ya kama ta a tsakanin gwiwoyinsa, ya tsaga mata kunne irin tsagar gidansu, ya sake ta ta koma garken mai ita. Can za ta ci ta sha, mai ita ya yi ta wahala da ita. Ranar da gidan su Tacho suka buƙaci nama, sai ubansa ya je ya nuna kunnen.

Bai yi mako biyu ba ya koma wurin Filemón da shawarar da ya yanke shi kaɗai. Waƙa ba a janye ta, amma ana iya bin ta da wata. Ya ce a yi masa ta biyu, ba doki, ba gajimare. A ce shi mai faci ne, gwiwarsa ta hagu tana masa ciwo, bai taɓa riƙe bindiga ba, ba ya kallon bayan mota. A baitin sallama a gaishe da matarsa Herlinda da ke kabari, a tsaya nan.

"Ba wanda zai yi rawa da wannan," in ji Filemón.

"Ba rawa nake nema ba."

"Kuma ka san ita ma sai ta hau sama."

Nicanor ya sani. Ya yi lissafin cewa in Tacho don zumunci ya yi, zai ji waƙar ya gane, ya ƙyale tsohon abokinsa ya huta. In ya bar ta ta wuce yadda take, mutanen ƙasa ma za su ji, su san an sake shi.

Bai ji amsar daga bakin Filemón ba. A wayar wani direban tumatir ya ji ta, yana cire masa ƙusa daga taya. Ga gwiwar, ga Herlinda, ba a taɓa ko kalma ɗaya ba. Sai bayan Herlinda, inda ya kamata ƙaho ya rufe, mai akodiyan ya sake ja, baitin nan ya biyo baya yadda yake, da Tacho na Tudu da ƙofar da ke buɗe.

"Wannan ta fi ta farko, Don Nica," in ji direban. "Manya na gaske haka suke, ba sa nuna kansu. Wai bai taɓa riƙe bindiga ba!" Ya kashe masa ido ɗaya, ya miƙo kuɗi da hannu biyu.

Daga nan abubuwa suka zo kusa da kusa. Farar motar ta wuce sau da yawa a hankali ba ta tsaya ba. Wata babbar mota ta kawo sabon injin iska a cikin akwatin katako, direban ya ce shi dai an ce ya sauke a Palo Mocho wurin mai faci, bai san wa ya aiko ba. Nicanor bai buɗe ba, bai kuma san wa zai mayar wa ba, akwatin yana nan a gefen rumfar rana tana dukansa. Idalia ta ce ya taho Phoenix. Ya ce Herlinda tana nan, wa zai share mata kabari. Chebo ya tsallako da kaza guda a takarda, karo na farko tun bikin, ya ajiye a kan benci.

"Ci, compadre, ka rame. In sun zo su sami abin harbi."

"Bakinka ya sari dutse."

"Me za ka yi?"

"In na ci gaba da buɗewa, duk tayar da na taɓa an rubuta ta a kan wani. Na sama su tsaya, na ƙasa su ce ina ba da rahoto. Na ƙasa su tsaya, na sama su ce na sayar da ƙofarsu." Ya yagi cinya. "Mahaɗar suke so. Ni ba su san ma ina da fuska ba."

Ranar Litinin da ta wuce, da sassafe, Nicanor ya ɗauki diga ya tone gindin farar tayar da ta tsaya a bakin titi tun kafin a haifi 'yarsa. Chebo ya tsallako ya kama masa, ba wanda ya yi wasa a cikinsu. Suka gangara da ita bayan gida suka kwantar. Nicanor ya cika ta da ƙasa da takin awaki, ya dasa barkono a ciki.

Yana ba shi ruwa wata mota ta tsaya a gaban rumfar ta danna oda. Daga inda yake tsaye yana hango ƙasanta ta tsakanin katangar kara. Bai ɗaga kai ya ga ko daga sama take ko daga ƙasa ba. Tayar baya ta dama ta yi laushi, ƙusa ce, ba ta daɗe da shiga ba. Aka sake danna oda. Nicanor ya juya baya, ya ƙarasa zuba ruwan.